Muryar Sufeto Ilu

Masu shayin bakin Titin Ibrahim Taiwo suna cewa in Abdulƙahhar ya zauna a bencinka ka iya bakinka, don kafin ka gama fifita masa kofi ɗaya ya kwashe muryarka ya zuba a aljihu. Mahaifiyarsa kuwa har gobe tana ba da labarin ranar da ya yi mata sallama daga soro da muryar yayanta na Bichi, yana ɗan shekara bakwai. Ta shimfiɗa tabarma, ta ɗebo ruwa, ta leƙa ta tarar da shi shi kaɗai a tsugune. Obiageli, wadda ta gaji shagon finafinan mahaifinta a Sabon Gari, tata shaidar gajeriya ce. Ta ce mutum goma ne ke aiki a ɗakin bayan shagonta, amma takalmin mutum ɗaya ake cirewa a bakin ƙofa.

Fassarar fim ce sana'arsa. Wasu suna yin na soyayya, wasu na faɗa, shi kuwa ya nace wa tsofaffin finafinan barkwanci na Turawa, irin waɗanda ake sa wani jami'in bincike marar kan gado ya bi sawun ɓarawo ɗaki ɗaki har ya ƙare a kan takalmin kansa, ko ya zo sa wa mai laifi ankwa ya ɗaure hannunsa da ƙafar tebur. Shi ne muryar jami'in, shi ne ta ɓarawon, shi ne ta matar gida. In da kare a fim ɗin, shi ne karen.

Asama'u ba ta san ko ɗaya cikin wannan ba ranar da ta fara ganinsa. Malamar firamare ce a Fagge, kuma saƙon mahaifinta ne ya kai ta shagon. Mahaifin nata, Sufeto Ilu, ya yi shekara talatin da biyar a sashen binciken 'yan sanda kafin ya yi ritaya ya zauna a gidansa na Kwaciri, kuma babu abin da ke sa shi dariya har hawaye kamar ya ga ana kwaɓa aikin da shi ya iya. Duk Asabar sai ya ba ta memori ta kai wa Obiageli, ƙawarta tun sakandare, a zuba masa sabon fim.

A wannan Asabar ɗin tana tsaye ana tura fim, sai ta ji rigima ta kaure a bayan labule. Wata tsohuwa tana zazzaga wa wani mutum masifa, shi yana rantsuwa ba shi ya cinye naman ba, kare na haushi, sai kuma ƙarar kwano ya faɗi. Asama'u ta dubi Obiageli, ta ga ko ɗago kai ba ta yi ba. Ranta ya ɓaci. Ta ce mata ta ji tsoron Allah, ana dukan tsohuwa a shagonta tana zaune tana danna kwamfuta. Ta wuce fuu ta yaye labulen da kanta.

Saurayi ɗaya ne a ciki, a wani ɗan tsukukun ɗaki da aka manne bangonsa da kwalayen ƙwai da tsohon soson katifa. Abin sauraro a kunnensa, makirfo a gabansa, murfin tukunya a hannunsa.

"Ina tsohuwar?" ta ce.

Ya cire abin kunnen a hankali, ya dube ta, sannan ya amsa da muryar tsohuwar.

"Ga ni, 'yar nan. Allah ya yi miki albarka, duk kasuwar nan ke kaɗai kika zo ceto."

Obiageli ta kife a kan tebur tana dariya. Asama'u ba ta yi ba. Ta ce masa wannan ba sana'a ba ce, tayar da hankalin bayin Allah ne, ta fizgi memorinta ta fice. Sai da ta hau adaidaita suka baro kasuwa dariyar ta ƙwace mata, har direba yana leƙenta ta madubi.

Bayan magariba saƙo ya shigo wayarta daga lambar da ba ta sani ba.

"Assalamu alaikum. Tsohuwar nan ce ta ɗazu. Na roƙi lambarki a wurin Obiageli don in yi godiya. Jikana Abdulƙahhar ma yana gaisuwa, amma nauyinki ya hana shi magana."

Ta bar shi kwana biyu, sannan ta rubuta:

"A gaya wa jikan in yana da magana ya yi da bakinsa."

Ya kuwa yi. Kafin wata biyu ya zama duk Juma'a da Lahadi bayan la'asar yana soron gidansu. Yana kiranta Mai Cetona, ita kuma Malam Goma, saboda maganar Obiageli. Ta gano cewa in ba a gaban makirfo ba mutum ne mai shiru, mai yawan saurare, wanda zai bar ka ka gama maganarka kaf, har da wadda ba ka yi niyyar faɗa ba. Ta tambaye shi inda yake samo muryoyin. Ya ce babu wadda ya ƙaga, kowace a bakin wani ya tsinta: ta ɓarawon ta wani dillalin waya ce, ta tsohuwar kuma ta mai ƙosan unguwarsu.

Abu ɗaya ne ke damunsa, tsoron mahaifinta. Duk Fagge an san Sufeto Ilu ba ya ɗaga murya, amma in ya dube ka sai ka tuna laifin da ka yi bara.

A nan ne Asama'u ta yi abin da ta daɗe tana cizon yatsa a kansa. So take ta cire masa tsoron, ta nuna masa Baban da ita ta sani a cikin gida. Ba ta iya kwaikwayon kowa ba a duniya sai mutum ɗaya. Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, ta yi masa saƙon murya. Ta yi gyaran murya sau biyu yadda Baba ke yi kafin kowace magana, ta dusar da muryarta ta koma irin tasa mai kama da ana jan buhu a kan siminti. Ta yi masa yadda Baba ke tsayar da ita da Inna a tsakar gida ya ce ba mai fita sai an gano tabarau, alhali tabarau ɗin na kan goshinsa. Ta yi masa yadda yake ɗanɗana tuwon dare, ya ajiye loma, ya dubi Inna ya ce, "Nana, wannan miya tana da tambayar da za ta amsa."

Ya rubuto: "Wallahi kin fi ni iyawa. Na saurara sau shida."

"Ka goge yanzu."

"Na goge, Mai Cetona."

Ya goge ɗin kuwa, daga waya.

Da magana ta kai ga manya, Sufeto bai wakilta kowa binciken mai neman auren ba, da ƙafarsa ya yi. Sati uku yana bin masallacin unguwarsu, da makarantar da ya yi, da masu shagunan da ke maƙwabtaka da Obiageli. Ya dawo ya ce wa Inna bai samu komai ba, sai dai yaron ba ya karyawa da wuri. Da ya gane kuma cewa wannan ne mai muryar finafinan da yake kallo duk Asabar, sai ya zama ko a majalisar ƙofar gida ba shi da hira sai ta surukinsa. Aka kawo kayan sa rana, aka sa wata huɗu.

Wata guda bayan haka sabon fim ya fito, wanda Abdulƙahhar ya yi sati shida yana fama da shi. Sunan da ya raɗa wa jami'in ciki Sufeto Kwamacala. Baba ya ce wannan ba na kallon mutum ɗaya ba ne. Ya sa aka fito da talabijin soro bayan la'asar, ya aika wa tsofaffin abokan aikinsa, har da Saje Goni da ya yi shekara ashirin a ƙarƙashinsa. Maƙwabta suka cika tabarmi. Asama'u ta kawo zoɓo a tire, ta tsaya a bakin ƙofar cikin gida don ta ga fuskar Baba in ya fara dariya.

Jami'in ya shigo gidan da aka yi sata, cikin wata ƙatuwar kwat da ta fi ƙarfinsa, ya yi tuntuɓe da dardumar bakin ƙofa, ya miƙe ya kakkaɓe. Sai ya yi gyaran murya sau biyu.

Tiren ya yi wa Asama'u nauyi a hannu.

Da ya buɗe baki, muryar buhun nan ce a kan siminti. Soron ya ɗauki dariya, Baba ma ya ɗan murmusa, bai gane ba tukuna, don mutum ba ya jin muryarsa yadda wasu ke ji. Jami'in ya jera ma'aikatan gidan a bango ya ce ba mai fita sai an gano hularsa, hular tana kansa. Saje Goni ya daki cinyarsa, hawaye na zuba.

"Yallaɓai, wallahi kai ne. Kai ne sak."

Dariyar ta ƙaru, sai kuma ta fara raguwa daga gefen da aka fi ganin fuskar maigidan. A fim ɗin jami'in ya shiga kicin, ya tsoma yatsa a tukunya ya lasa, ya juyo ya ce wannan miya tana da tambayar da za ta amsa, sannan tukunyar ta kife masa a ƙafa. Na baya suka sake tuntsirewa. Su a wurinsu zance ne na fim.

Sufeto Ilu bai dubi talabijin ba. Ya juyo a hankali ya dubi ƙofar cikin gida, inda 'yarsa ke tsaye da tire. Kallon bai daɗe ba. Ya tashi ya kashe talabijin, ya ce magariba ta kusa, alhali rana tana nan a kan katanga.

Kafin sati ya zagayo fim ɗin ya shiga kowace waya a Fagge. 'Yan adaidaita suna gyaran murya sau biyu kafin su faɗi kuɗin mota. A makarantar su Asama'u wata ɗaliba ta ce wa ƙawarta biron nan yana da tambayar da zai amsa, aji ya fashe. Ranar Juma'a, a kan hanyar masallaci, wani daga cikin taro ya ce "Kwamacala" a bayan Sufeto, ya waiwaya bai ga mai maganar ba. Daga ranar ya daina zaman majalisa. Ya sa aka haɗa kayan sa rana aka mayar gidan su Abdulƙahhar, ba tare da wani jawabi ba.

Asama'u ta isa shagon Sabon Gari a cike fam. Ko Obiageli ba ta gaisar ba, ta yaye labulen har ƙusarsa ɗaya ta fita.

Ya miƙe. Ya fara da cewa bai ambaci sunan kowa ba. Ya ce sati huɗu yana neman muryar da za ta zauna a bakin jami'in nan bai samu ba, rannan yana zaune sai ta fito da kanta, kuma da ta fito ya kasa mayar da ita. Ya ce ya zaci Baba zai fi kowa jin daɗi, tunda shi ne babban mai son irin finafinan.

"Yana dariya ne don ba shi ba ne," ta ce. "Shekara talatin da biyar ba a taɓa kama shi da karɓar ko goro ba, kai ka mayar da shi wawan da tukunya ke kifewa a kai. Kuma ka ce min ka goge."

"Na goge. Kunnena ne bai goge ba." Sannan ya faɗi abin da bai kamata ba. "Ke ma fa da kike yi, dariya kike."

Ta ji kamar ya watsa mata ruwan zafi. Ta ce kada ya kuskura ya haɗa abin da ta yi a ɗakinta da abin da ya watsa wa Kano. Ta ce masa ɓarawo, ta ce ɓarawon kaya ya fi shi mutunci don shi ana iya ƙwato abin da ya ɗauka. Ta ce yanzu ya bi wayoyin mutane ɗaya bayan ɗaya ya ƙwato mata muryar ubanta. Masu sayen caja a shagon gefe suka fara leƙowa. Obiageli ta shiga tsakani, ta ce shi ya yi wauta babba kuma ta gaya masa tun ranar da ta ji, amma ita ma Ma'u ta rage murya, don masifar nan da take yi ba duka tasa ba ce. Asama'u ta ce ita ma ta riƙe shawararta, ta fita.

Saƙonninsa suka riƙa shigowa, tana karantawa tana kife wayar.

"Mai Cetona, na sake fassara shi da wata murya daban, na bi masu tura fim na ba su. Ba mai son sabon. Na rasa yadda zan yi."

"Na turo kawunnaina wurin Baba. Ya ba su ruwa, ya raka su har bakin titi, ya ce a'a."

"Ki zage ni ma na yarda, shirun ne ba na iyawa."

Sau ɗaya ta amsa: "Kada ka ƙara kira na da wannan sunan."

Cikin haka Abdurra'uf ya ɓullo, ɗan wani aminin Baba, ma'aikacin gwamnati mai mota da shadda mai sheƙi. Da haushi ya ɗebe ta sai ta yarda ya zo. Zuwan farko ya yi mata bayanin matakin albashinsa. A na biyu ya gyara zama ya ce shi dama bai taɓa ganin mutuncin masu fassarar fim ba, mutanen da ba su san darajar manya ba, kuma abin da aka yi wa Baba ya hana shi barci. Yana cikin faɗa wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ba kiɗa ba ne. Gyaran murya ne sau biyu, sannan maganar miya, tana maimaita kanta yana laluben aljihun da ba shi ba.

Asama'u ta naɗe tabarmarta tun yana kai, ta ce ya gaida gida.

A cikin gida kuwa abin ya fi ciwo, don babu mai faɗa. Da safe in ta durƙusa gaida Baba sai ya ce "Lafiya," ya ci gaba da jan carbi. Yana cin tuwonsa ya tashi, ko miyar ta yi gishiri ko ba ta yi ba. Ya ma rage magana gaba ɗaya, kamar mai jin kunyar a ji muryarsa.

Wata ranar Lahadi suna tsince shinkafa, Inna ta ce mata, ba tare da ta ɗago kai ba, ai muryar nan ba da ita aka haife shi ba. Da can shi ke kiran sallah a barikinsu, mata har tsayawa suke da aiki su saurara. Shekara biyu kafin a haifi Asama'u gobara ta tashi a wani layin shaguna, ya shiga sau uku yana fito da mutane, a na ukun shi aka fito da shi. Hayaƙi ya cinye masa maƙogwaro. Wannan gyaran muryar da ake dariya a kai, in bai yi ba maganar ba ta fita.

"Bai taɓa son a faɗa ba," in ji Inna. Ta watsar da tsakuwa. "Yayyenki kuma tun kafin ya yi ritaya suka bar gida, ba su san zancen miya ba. Ban dai tambaye ki komai ba."

Asama'u ta tashi ta shige ɗaki. Ta yi kuka, amma ko kukan na haushi ne. Ta shirya maganar a ranta fiye da sau ashirin, kalma bayan kalma, kullum in ta durƙusa a gabansa sai harshenta ya ƙi. Kuma duk ranar da ta kasa, sai ta ƙara jin haushin Abdulƙahhar, don nasa laifin ya fi sauƙin dubawa.

Ranar wata Talata bayan azahar, ta dawo daga makaranta ke nan, ta ji sallamarsa a soro. Shi kaɗai ya zo, ba kawu ba aboki. Baba ya daɗe kafin ya fita. Ta lallaɓa ta tsaya a bayan ƙofa, ta hango shi ta tsagar ƙyaure ya ƙi hawa tabarma, yana zaune a kan siminti.

Ya ce ya zo ne ya faɗi laifinsa da bakinsa. Bai kawo uzuri ko ɗaya ba wannan karon. Ya ce ya ɗauki abin da ba nasa ba, ya tozarta mutumin da ya karɓe shi da mutunci, kuma ko ba za a ba shi aure ba yana roƙon gafara.

Baba ya bar shi ya gama. Ya yi gyaran murya.

"Sau nawa ka taɓa zama da ni?"

"Sau biyu, Baba."

"In an haɗa, minti nawa?"

"Ba zai kai rabin awa ba."

"Na ci abinci a gabanka?"

"A'a."

"Na nemi tabarau a gabanka?"

"A'a, Baba."

"To wa ya ba ka?"

Asama'u ta dafe bango. Abdulƙahhar ya sunkuyar da kai ya ce laifinsa ne. Baba ya sake tambayar ta wata hanya, ya zagaya ya dawo, ya yi taushi kamar mai lallashi, ya yi shiru mai tsawo irin wanda ke sa mutum ya yi magana don kawai ya cike wurin. Ta ga gumi yana bin wuyan saurayin. Daga ƙarshe Baba ya matso ya ce abu mai sauƙi ne, in ya faɗi suna ɗaya, yau ɗin nan zai aika a dawo da kayan sa rana. In bai faɗa ba, ya tashi ya tafi kuma kada ya sake tako layin nan.

"Baba, ni na sa a fim, ni na watsa," in ji Abdulƙahhar. "Ba ni da sunan da zan ba ka sai nawa."

Ya yunƙura zai tashi. Baba ya ce ya zauna.

Ya ce a shekarunsa na aiki ya ga 'yan uwa ciki ɗaya sun sayar da juna a kan abin da bai kai wannan ba. Ya ce kada ya zaci ciwon ya warke, har yanzu ba ya iya bin layin masallaci da rana. Amma wanda za a ba wa 'ya, gara wanda zai rasa ta da ya tona ta. Ya ce ya je ya gaya wa kawunnansa su dawo ranar Asabar. Sannan ya ɗan juya kansa wajen ƙofar cikin gida, ya ƙara da cewa in akwai wanda ke da sauran bayani, shi yana nan, ba ya zuwa ko'ina.

Asama'u ta koma ɗaki a guje. Ta rubuta wa Abdulƙahhar:

"Wa ya ce ka rufa min asiri?"

"Ba wanda ya ce."

"Ka mayar da ni mafi muni a gidan nan. Kai ka yi laifi ka fita fes, ni ka bar ni a ciki."

"Ki yi ta fushi da ni har ranar ɗaurin aure, Mai Cetona, in dai a gidana za ki ƙarasa shi."

Ta daɗe tana duban sunan. Ba ta hana shi ba.

Aka dawo da kaya, aka bar ranar yadda take. Baba ya yi duk abin da uba ke yi, ya sayi gado da kujeru, ya je da kansa ya duba ɗakunan da Abdulƙahhar ya kama a Fagge, har ya sa aka canza makullin ƙofa don ya ce na da, yaro ma zai buɗe shi da cokali. Amma tsakaninsa da 'yarsa "Lafiya" ce kawai da safe. Ita kuma kullum tana cewa gobe.

Aka ɗaura aure ranar Asabar da hantsi a masallacin unguwa. Gida ya cika. Obiageli ta zo cikin anko tun safe, ita ce kan rabon abinci, tana yi wa 'yan uwan ango tsiya cewa mutum goma aka aura wa mace ɗaya, a ƙaro sadaki. Bayan la'asar motoci suka jeru a layi, gwaggonni suka lulluɓe amarya suka kai ta ɗakin mahaifinta don sallama. Aka shigo da ango ya durƙusa daga bakin ƙofa.

Nasihar ba ta yi tsawo ba. Ya ce su ji tsoron Allah, su riƙe sirrin juna, kada rana ta faɗi da fushi a tsakaninsu. Ya ɗaga hannu ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya sa su gama da duniya lafiya. Ɗakin ya amsa da amin. Wata gwaggo ta kama kafaɗar amarya ta ce to a tashi, direbobi na jira.

Asama'u ba ta tashi ba. Aka sake ja, ta ƙanƙame gefen darduma. Gwaggon ta fara faɗa, ta ce kowace amarya da haka take barin gida, kukan ya isa.

"Ku ƙyale ta," in ji Baba.

Gwaggon ta sake ta. Ta yaye mayafin daga fuskarta da kanta, a gaban gwaggonni da Inna da mijinta, ta matsa har gwiwarta ta taɓa ƙafarsa. Ta ɗago ta dube shi, karo na farko cikin wata uku.

"Baba, ni ce. Ni na kwaikwaye ka, ni na ba shi maganar tabarau da ta miya. Na san ka sani, kuma na bar ka kana jira. Na ci amanar cikin gidanka, Baba. Don Allah ka yafe mini."